Gardamar Yayana a Kan Ɗiyar Autarmu

Yayana bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma a unguwarmu ban san wanda ya fi shi bin labaran duniya ba. Dillalin dabbobi ne. Rabin mako yana hanya, yau kasuwar Kornaka, jibi ta Bader Goula, kuma duk inda ya sa ƙafa ƴar rediyonsa tana aljihun gaba, an ɗaure murfin batirinta da roba. Ni malamin lakwal ne, sannan ina taimaka wa gidan rediyon garinmu da wani shiri na iyaye, wanda mutane ke bugo waya su faɗi abin da ke damunsu. Saboda haka duk abin da Yaya ya ji a tashoshin waje bai yi masa ba, ni yake tuhuma, kamar da ni aka zauna aka shirya shi. "Ku ƴan rediyo," da haka yake buɗe magana, ni kuma na san sai na gyara zama.

Mu uku Inna ta haifa. Autarmu mace ce. Ta auri wani ɗan Maradi da karatu ya kai shi wata ƙasar Turawa mai tsananin sanyi, ya samu aiki can, ya zo ya ɗauke ta. A can ta haifi ɗiyarta ta fari, aka sa mata sunan Inna. Shi ya sa ba mai kama sunan yarinyar a gidanmu, Takwara muke ce mata. Lokacin da abin da zan ba da labari ya faru ta shiga kolej, kuma rabonmu da ita tun tana ƴar mitsitsiya.

Wata safiya muna zaure ni da Yaya muna shan koko, rediyonsa tana kan tabarma tsakaninmu, sai aka kawo rahoto daga ƙasar da autarmu ke zaune. A wani yanki nasu ana gardama kan wata doka. Akwai yaran da ke zuwa lakwal su ce ba su jin kansu a jinsin da aka haife su, namiji ya ce a kira shi da sunan mata, ko mace ta ce a kira ta da na maza. Abin da ake ja a kai shi ne, wajibi ne malamai su sanar da iyaye, ko kuwa su rufe maganar tsakaninsu da yaron. Mai rahoton ya ba wata lauya dama ta yi bayani mai tsawo, ya ba wani likita, ya ba wani matashi. Dukansu bakinsu ɗaya, cewa tilasta wa malamai su faɗa wa iyaye cutar da yara ne. Da ya zo kan ɗaya ɓangaren sai ya ce wasu masu ra'ayin riƙau suna goyon bayan dokar, daga nan ya wuce labarin farashin mai.

Yaya ya ajiye ludayinsa. Ya ce, "Ka ji ko, Mushe? Kowa ya yi magana ban da uba, ban da uwa. Ni ko rago zan saida, sai na ji bakin mai shi tukuna."

Ban yi masa gardama ba, don ni ma abin da kunnena ya kama ke nan. Na san yadda ake yi. Wanda ka miƙa wa makirho ya yi minti biyu yana magana, mai saurare zai ɗauke shi mutum mai hankali da dalili. Wanda ka taƙaita a jimla ɗaya, ka kuma liƙa masa suna, ya zama inuwa kawai. Ba sai ka yi ƙarya ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ta wuce kamar sauran. Sai ga wani saƙon murya ya shigo gari, yana yawo daga salula zuwa salula. Wani mutum ne mai kakkausar murya, bai faɗi sunansa ba, yana rantsuwa cewa a ƙasar nan daga aji ake ɗaukar yara a kai su asibiti a yi musu aiki, uban da ya buɗe baki a ɗaure shi, kuma da ƴaƴan Musulmi ake farawa. An haɗa saƙon da hoton wata mata tana kuka. Na san hoton, na taɓa ganinsa a labarin wata ambaliya. Mata suka ji saƙon a gidan suna, aka kawo wa Inna. Ta daina cin abincin kirki. Sai ka same ta zaune bakin ɗakinta da casbi, in ka tambaye ta ta ce ba komai.

Yaya ya same ni a ƙofar lakwal bayan an tashi yara. Ya ce in sa saƙon a shirina, kowa ya ji.

Na ce, "Yaya, ban san mutumin nan ba. Ban san inda ya tsaya ya ga abin da yake hwaɗi ba."

"Waɗancan ƴan rediyon da ka sani ai ka ga abin da sunka yi."

"Su sun rage, shi kuma ya ƙara daga aljihunshi. In na sa shi, ni ma na zama ɗaya daga cikinsu."

Ransa ya ɓaci, amma ba mutum ne mai hayaniya a titi ba. Ya ce, "To, kira auta. Ai tana can. Ta hwaɗa muna da bakinta."

Bayan la'asar muka je bayan gida, wajen garken tumaki, don a nan rezo, wato layin salula, ya fi tsayawa. Na buɗe muryar salula yadda Yaya zai ji. Autarmu ta yi dariya da na gaya mata abin da saƙon ya ce, sannan ta daina dariyar da ta ji halin da Inna ke ciki. Ta ce ita ba ta taɓa ganin an ɗauki yaro daga aji an kai shi asibiti ba, ba ta kuma san wanda aka ɗaure ba. Ta ce amma kada mu ɗauka babu komai.

Ta ba mu labarin maƙwabciyarta, wata Baturiya mai aiki a gidan burodi, wadda ɗiyarta ke aji ɗaya da Takwara. Kusan shekara guda dukan aji da malamai suna kiran yarinyar da sunan maza, uwar ba ta sani ba. Ranar da ta sani, wani ɗan ajinsu ne ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi yaron gidan da sabon sunan, ta ce masa ya ɓata gida. Matar ta zo kicin ɗin autarmu ta zauna tana hawaye. Ta ce ba sunan ne ya fi ƙona mata rai ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne malaman da take gaisawa da su kullum a bakin ƙofar lakwal duk sun sani, suna mata murmushi, ita kaɗai ce a duhu.

Yaya ya girgiza kai, ya dube ni.

Autarmu ta ce, "Ku tsaya, da saura." Ta ce ta je ta sami malamar ajin da kanta. Matar ba ta yi mata girman kai ba. Ta ce mata ta taɓa sanar da wani uba irin wannan magana, ya kori yaron daga gida a tsakiyar sanyi, aka tsince shi yana kwana a tashar jirgin ƙasa. Tun daga ranar take tsoro. Autarmu ta ce ta fahimci tsoron matar, amma ta gaya mata cewa ba kowane uba ne wancan ba, kuma ba daidai ba ne a ɗauki dukan iyaye abin zargi tun ba su yi komai ba.

Daga baya aka kira taron iyaye. Ta je, ta miƙe ta yi magana da Faransancinta na Maradi, ta ce duk abin da ya shafi ɗiyarta tana son ta sani, kuma in akwai gidan da ake tsoron za a cuci yaro, a bi wannan gidan daban. Iyaye da yawa sun yi magana irin tata, cikin natsuwa. Akwai ƴan talabijin a wurin. Da yamma ta zauna ta kalli labarai. Ta ce, "Mutum guda sunka nuna, wani da ya zo da allo shina ihu shina zagin malamai. Mu da munka yi magana a hankali, ko ƙeyarmu ba a gani ba."

A shirina na makon na ba da labarin yadda ta ba ni shi, ban kama suna ba, ban rage ɓangaren malamar ba. Na kuma ce hoton da ke yawo ba na wannan magana ba ne. Wani dattijo ya bugo daga Adjekoria ya ce Allah ya tsare mana zuri'a, ya kashe. Wata mata ta ce kada mu yi ta hangen nesa, ita a nan garin aka kwashi ɗiyarta da ƴan ajinsu zuwa wani taron wayar da kai na kwana guda, sai a bakin yarinyar ta ji. Sannan wani saurayi ya bugo, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce shi ba ruwansa da maganar Turawa, amma akwai abubuwan da ke damunsa da ba zai iya gaya wa babansa ba, don kafin ya kai ƙarshen magana an ɗauko bulala. Ya ce iyaye suna son a gaya musu komai, to su ma su koyi saurare. Na yi masa godiya.

Da na dawo gida Yaya ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma ka yi sanyi da yawa." Inna dai ta ci tuwo a ranar.

Da babban hutu ya zo, damina ta sauka, autarmu ta kawo Takwara gida. Mijinta aiki bai bar shi ya zo ba. Muka tarbe su a tasha. Yarinya ta sauko daga mota, ta yi tsawo, da wando da takalmin ƙwallo, ɗankwalinta ya zame har wuya. Na ga idon Yaya ya tsaya a kan wandon. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda uwarta ta koya mata, ta ce, "Kawu, ina wuni," da wata Hausa mai lanƙwasa da ta sa duk muka yi murmushi.

Abin da ban zata ba shi ne yadda suka shaƙu. Takwara ba ta damu da zaman ɗaki ba, garke take so. Ta roƙi Yaya ya tafi da ita kasuwar dabbobi, ya ce ba wurin mata ba ne, ta ce to wa ke sayar da nonon da ta gani an kawo daga can. Ya yi dariya ya ce ta ɗauko mayafi. Ya koya mata buɗe bakin rago a duba haƙori, da taɓa gindin wutsiya a ji kitse, da yadda ake gane tumakin balami daga na uda tun daga nesa. Ta riƙa dawowa da ƙafa duk taɓo, tana ba Inna labarin wani Bafulatani da ya ƙi sayar da saniyarsa don mai sayen bai yi masa sallama ba. Yaya ya fara cewa a fadar da suke hira, "Ɗiyar nan tamu ce, jininmu ne sak." Ina jin daɗin jin haka, ban san inda zancen ya nufa ba.

Saura kaɗan su koma, wata rana bayan azahar muna zaune ƙarƙashin itacen dogon yaron da ke tsakar gida, ni da Inna da autarmu, Takwara ta tafi gidan ƙawayen da ta yi. Yaya ya shigo ya zauna, ya gyara murya. Ya ce ya yi tunani, ya ga ya fi kyau a bar yarinyar a nan. Ta yi kolej a nan Dakoro, ta yi makarantar allo da yamma, ta tashi cikin danginta. Ya ce har ya je ya ga direktan kolej, ya ce akwai wuri.

Autarmu tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, ka tahi wurin direkta a kan ɗiyata, ba ka hwaɗa mani ba?"

"Don alherinta na yi."

"Haka malamar can ta ce ma maƙwabciyata."

Na ga fuskar Yaya ta canza. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidan, shi ya aurar da ita, ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ya ce, "Ni kike haɗawa da su?"

Ta ce, "Ban haɗa ka da kowa ba, Yaya. Na san son ta kake yi. Amma tana da uwa, tana da uba. Na tsaya gaban Turawa na ce ba mai yanke magana a kan ɗiyata ban sani ba. In na zo gida na yi shiru, to mi na je na yi can?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, muryarsa ta yi laushi. Ya ce shi abin da yake tsoro, wata rana yarinyar nan ta zo ta dube mu kamar baƙi, ta ga sallarmu da al'adarmu kamar abin kallo. Ya ce abin da yaro ke ji kullum a lakwal da talabijin ya fi ƙarfin abin da uwa za ta faɗa masa a kicin.

Autarmu ta ajiye faifan. Ta ce ita ma da wannan tsoron take kwana take tashi. Ta ce shi ya sa ba ta fashin taron iyaye, shi ya sa take zama da yarinyar su kalli labarai tare, tana tambayar ta wa aka bari ya yi magana, wa aka hana. Ta ce ba ta da tabbacin za ta yi nasara. Amma in ta bar ɗiyarta a nan ta koma, yarinyar za ta ɗauka an jefar da ita ne don ba a yarda da ita ba, kuma daga ranar ba za ta sake gaya mata komai ba.

Sai Inna ta yi magana. Ta ce a ƙauyensu, tana yarinya, akwai wani ɗan daudu mai sayar da tuwo a bakin kasuwa, yana ɗaura zane yana magana kamar mata. Mutane sun yi ta zuwa wurin uwarsa suna cewa ta tsine masa, ta ƙi. Ta yi masa faɗa iya faɗa, ta yi masa addu'a, ba ta rufe masa ƙofa ba. Shi ya riƙe ta har ta rasu. Inna ta ce, "Ban ce daidai ya yi ba. Amma uwarshi ta san halin da ɗanta ke ciki, ba wanda ya ɓoye mata, ba kuma wanda ya amshe mata shi." Sannan ta dubi Yaya ta ce, "Kai babba ne, ka ba da shawara. Yankewa ta iyayenta ce."

Ana haka Takwara ta shigo. Ta ga fuskokinmu ta tsaya. Yaya ya kira ta, ta zo ta zauna gefen tabarmarsa. Ya tambaye ta labarin ƴar ajinsu da aka canza wa suna. Ta dubi uwarta, uwar ta ɗaga mata kai. Ta ce tun suna ƙanana suke wasa tare. Ta ce a lakwal tana kiran ta da sunan da ta roƙa, don in an kira tsohon sai ta shiga bayi ta yi ta kuka. Ta ce da abin ya fito fili ta gaya wa tata uwar komai, sun yi magana mai tsawo a kan abin da addininmu ya ce, kuma ita ta san ko ita wace ce. Sai ta ƙara da cewa, "Amma Kawu, ban ji daɗi ba da aka ɓoye ma mamanta. Kullum in na je gidansu sai in rasa sunan da zan kira."

Amsar ba ta yi wa Yaya daɗi duka ba, na gani a fuskarsa. Aka kira la'asar, ya tashi ya ɗauki buta.

Washegari da safe ya ce in raka shi kolej. Ya sami direkta ya ba shi haƙuri, ya ce ya yi gaggawa, iyayen yarinyar ba su yanke haka ba. A hanyar dawowa ya ce mani har yanzu yana ganin shi ke da gaskiya. Na ce mai yiwuwa. Ya ce, "Kai kullum mai yiwuwa."

Ranar tafiyarsu shi ya raka su har Maradi, ya bar kasuwa guda saboda haka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Kafin su fita ya ja Takwara zuwa garke, ya nuna mata wata ƴar tunkiya fara mai baƙin kunne, ya ce tata ce, zai riƙe mata, in tana son ganin abin da ta haifa sai ta zo da ƙafarta.

Dokar da aka yi ta gardama a kai, na ji an zartar da ita a wani yanki, a wani kuma an kai ta kotu, daga nan na daina bi. Maƙwabciyar autarmu ta tashi daga unguwar da ɗiyarta, ba mu san yadda suka ƙare ba. Yaya da autarmu har yau ba su daidaita a kan maganar ba. In ta bugo waya sukan taɓa ta kaɗan, kowa ya faɗi nasa, su koma zancen ruwan sama da ciwon ƙafar Inna.

Tunkiyar ta haifi ɗan rago, ya girma ya yi kyau. Da layya ta matso, mutane suka yi ta zuwa gida suna taya shi. Takwara ta bugo ta ce kada a sayar sai ta zo ta duba haƙorinsa da kanta. Na ji Yaya yana gaya wa wani Alhaji a zaure cewa ragon ba nasa ba ne, mai shi tana ƙasar waje, kuma ta ce a dakata.